Jirgin da Hajiya Ta Yarda Ta Hau

Ranar da aka kai babbar 'yata ɗakinta, bayan 'yan biki sun watse, na zauna a tsakar gida tsakanin tukwanen aro da kujerun haya, na ce wa uwargida in Allah ya kai mu Rajab zan bar shago a hannun yara mu tafi wani wuri mu huta. Shekara ashirin da shida ina Kantin Kwari. Na je Dubai na je Caina ba adadi, amma duk tafiyar sari ce, daga filin jirgi sai kasuwa, daga kasuwa sai wajen masu kwantena. Ita kuwa, in ka cire Hajji ɗaya da Umara biyu, iyakarta Kaduna.

Ɗana mai karatun injiniya a Jami'ar Bayero shi ya ɗauki maganar da zafi. Kwana biyu bayan nan, bayan sallar isha'i, hunturu ya fara busawa muna zaune a falon Hajiya mahaifiyata, ya matso da waya ya ce, "Abba, duba nan." Na ga wani abu fari kamar unguwa guda an ɗora ta a kan ruwa. Sunansa Icon of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean. Yaron ya haddace shi kamar karatun allo. An ƙera shi a garin Turku na ƙasar Finlan, ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024 daga Mayami ta Amurka, kuma a lokacin babu jirgin yawon shaƙatawa da ya kai shi girma a duniya. Tsawonsa kusan mita 365, wato ka jera filin ƙwallo irin na Ƙofar Mata sau uku da rabi. Hawa 20 ne. In ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ga ma'aikata 2,350, kusan mutum dubu goma ke nan suna kwana suna tashi a cikin ƙarfe ɗaya. Akwai wurin iyo bakwai, da sulun ruwa guda shida masu murɗe-murɗe, da filin zamiya a kan ƙanƙara, har da lambu mai bishiyoyi na gaske a tsakiyarsa. Da ya ce Lionel Messi ne ya buɗe shi a bikin raɗa suna, autanmu ɗan shekara takwas ya miƙe tsaye, don a wajensa magana ta ƙare.

Hajiya ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuskarta, ta daɗe tana kallo. Ta mayar, ta ce, "A ina ake salla?"

Ba wanda ya amsa. Ta ƙara da cewa ita dai ruwa ba ta wasa da shi. Mu mutanen Kano ruwanmu Tiga ne da Challawa da kogin Wudil, kuma har yanzu ba mu manta da Bagwai ba, inda kwalekwale ya kife a ƙarshen Nuwamban 2021 da fiye da mutum ashirin, yawancinsu ƙananan ɗaliban Islamiyya. Tun daga ranar, in aka ambaci jirgin ruwa a gidanmu sai Hajiya ta yi salati. Ni kuma na riga na ƙudurta ba inda za ni ba tare da ita ba. Ta haura saba'in, gwiwoyinta sun fara gajiya, kuma ban san sau nawa ya rage mu yi doguwar tafiya tare ba.

Jirgi na biyu a kasuwa na ji labarinsa. Wani abokin cinikina da ke kai shadda Jidda ya ce Saudiyya ta buɗe nata kamfanin, Aroya, kuma jirginsu zai fara tashi daga tashar Jidda a tsakiyar Disamban 2024. Na kawo sunan gida, yaron ya bincika, da farko yana yatsina fuska. Ya ce ai ba sabo ba ne. A 2017 aka ƙera shi a Jamus, sunansa na da World Dream, yana ɗaukar mutane daga Hon Kon da Gwanzu, daga baya Singafo. Kamfanin da ke da shi ya karye a 2022, Saudiyya ta saya ta sake masa ciki da suna. Na ce Gwanzu dai da nake zuwa sari? Ya ce ita. Sai na ji kamar an ce min ɗan unguwarmu ne.

A tsawo ba su da wata tazara mai yawa, mita 335 da 365. Bambancin yana ciki. Ana auna waɗannan jirage da girman sararin da ke cikinsu, kuma a wannan ma'auni Icon ya kai tan 248,663, Aroya kuwa dubu 150 da 'yan kai, fasinjansa kuma 3,300 da wani abu, bai kai rabin na wancan ba. Icon da iskar gas da aka daskarar ta zama ruwa yake tafiya, abin da ya fi burge ɗan injiniyan namu. A takarda dai, ko makaho ya shafa ya san wanda ya fi.

Sai dai ni ɗan kasuwa ne, kuma na san farashin kaya a masaƙa daban, farashinsa a Kwari daban. Na ɗauko littafin da nake rubuta bashi, na juya bayansa, na raba shafi biyu. Abin da na fara rubutawa shi ne hanya. Daga Kano zuwa Jidda jirgi ɗaya ne, ka hau a filin Malam Aminu Kano, awa biyar da wani abu ka sauka. Hajiya ta san hanyar, ta san inda ake zama, ta san yadda ake cewa a kawo mata kujerar turawa. Mayami kuwa sai mun je Abuja ko Legas, mu ratsa ta Turai ko mu yi awa goma sha biyu da ɗoriya a sama zuwa Atlanta, sannan mu sake wani jirgin. Na dubi ƙafafun Hajiya da ke kumbura ko Zariya muka je a mota, na ja layi.

Sai biza. A lokacin kuɗin neman bizar Amurka ta ziyara dala 185 ne kowane kai, a ba ka ko a hana ka ba a mayarwa. Mu shida, dala 1,110 ke nan. Na leƙa Wapa washegari, dala ta haura naira 1,500, wato sama da miliyan ɗaya da rabi kafin ma a ce mana e ko a'a, ban da kuɗin zuwa Abuja ganawa da kwanan otal. Sannan a irin waɗannan jirage na Amurka akwai ihsanin ma'aikata da ake ɗorawa a lissafi kullum, a lokacin wajen dala 18 a kan kowane mutum. Haƙƙinsu ne, suna wahala, amma wanda bai sa shi a lissafi tun daga gida ba zai sha mamaki ranar sauka. Mu shida, kwana bakwai, ya haura dala 700. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji masu magana. Bayan mun dawo ma, a Yulin 2025, Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wata uku, abin ya ƙara tsauri.

Amma da kuɗi ne kaɗai, da wataƙila na daure na sayar da wani abu na cika wa yara burinsu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tambayar Hajiya. Icon na da gidan caca, yana da mashayu a kusan kowane lungu, kuma rayuwar cikinsa an gina ta ne a kan kiɗa da wanka a rana da tufafin da mu ba ma fita da su. Ban ce laifinsu ba ne. Don mutanensu suka gina, kuma sun iya gini. Na san Musulmi da yawa suna hawa su nemi kifi da ganye su ci, su shimfiɗa darduma a ɗaki, su kawar da kai daga abin da bai shafe su ba. Ni kaina haka nake yi a Caina. To amma mako guda cur kana kawar da kai, kana tambayar mai abinci da me aka soya wannan, kana jan hannun 'yarka mai shekara goma sha huɗu ku sauya hanya, anya hutu ne wannan? A Aroya babu giya, babu caca, abincin duka halal ne, akwai masallacin maza da na mata. Na rubuta wannan a shafin dama, na rufe littafin.

Maƙwabcin shagona, wani dattijo mai sayar da leshi, da ya ji sai ya riƙe baki. "Alhaji, Bahar Maliyar da 'yan Huthi ke harbin jirage? Da tsohuwa za ka?" Maganarsa na da tushe, don tun Nuwamban 2023 ake kai wa jiragen kaya hari, mu ma a Kwari mun ji a jikinmu, kwantena ta koma zagayawa ta ƙasan Afirka, kuɗin dako ya tashi. Amma da muka buɗe taswira a kan bandir ɗin shadda sai muka ga rikicin yana can kudu wajen Yaman da mashigar Babul Mandab, tekun kuma tsawonsa ya haura kilomita 2,000. Jidda tana tsakiya, jirgin kuma arewa yake yi, wajen Masar da Jodan. Ya gyaɗa kai, ya ce duk da haka a yi sadaka kafin a tashi. Aka yi.

Wanda ya shawo kan Hajiya ba ni ba ne, sunan tekun ne. Da na ce mata daga Jidda za mu hau, a Bahar Maliya, sai ta yi shiru. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, a ƙasa ya tafi Hajji tun kafin a haife ta. Ya bar Kano da ayari, suka bi ta Borno da Cadi suka shiga Sudan, ya tsaya yana aikin auduga a gonakin Jazira har ya tara kuɗin ƙetarawa, ya hau jirgin katako a Sawakin zuwa Jidda. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo, 'yan uwa har sun fara fidda rai. Tun muna yara take ba mu labarin yadda ya ce sun kwana a kan ruwa kowa ya rungume ƙunshinsa, ana ta kalmar shahada. Ta ce, "In dai ruwan da Malam ya ƙetara ne, zan je in gan shi."

Akwai wahala ɗaya da muka sha, zan faɗe ta don wani ya tsira. Ejan na farko da na ba aikin takardu ya ce min bizar da zai yi mana ta wadatar da komai. Na biya kafin alƙalami. Yaron ne, Allah ya yi masa albarka, ya zauna ya karanta ƙa'idojin tafiyar layi-layi, ya gano cewa da zarar jirgi ya bar ruwan Saudiyya ya nufi Masar, a hukumance ka fita daga ƙasar, kuma in bizarka ta shiga ɗaya ce ba ka da hanyar dawowa. Ga kuma bizar Masar ɗin kanta da ba a ma yi maganarta ba. Na koma wajen mutumin, ya fara kame-kame, ƙarshe rabin kuɗina ne ya fito. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da mun tafi a haka, a bakin tasha za a tsayar da tsohuwa da jakunkunanta. Mai koren fasfo, kafin ya biya kuɗin ɗaki a kowane jirgin ruwa, ya bi tashoshin da za a tsaya ɗaya bayan ɗaya ya tambayi takardar kowace ƙasa, ya kuma tambayi ta komawa inda ya taso. Jirgin na da tafiye-tafiye zuwa Aƙaba ta Jodan da wani tsibiri na Saudiyya, amma muka zaɓi wadda ke zuwa Sharm el-Sheikh ta dawo, saboda bizar Masar mutanen Kano sun saba da ita, ga masu zuwa asibiti ga ɗalibai.

Muka tashi a Janairun 2025. Umara muka fara yi, kamar yadda malamin unguwarmu ya ba da shawara, ya ce a fara da na Allah. Daga Makka muka sauko Jidda.

Gani ya kori ji. Motar da ta ɗauko mu tana shiga tasha sai hasken rana ya ɗauke, ashe inuwar jirgin ce. Na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa. Wannan fa shi ne ƙaramin a cikin biyun. Yaron da ya yi wata guda yana raina shi ya tsaya baki buɗe, sannan a hankali ya ce, "Abba, to ina ga wancan?" Aka karɓi jakunkuna, aka ba kowa kati ɗaya, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma abin biyan kuɗi. Hajiya ta ɗaure nata a bakin mayafi inda take ɗaure goro. A bakin ƙofar shiga ta tsaya, mutane na jira a bayanta, ta karanta addu'ar da Annabi Nuhu ya yi da zai shiga jirgi, ta sa ƙafar dama.

Kafin a tashi sai da aka nuna wa kowa wurin taruwarsa in wani abu ya faru, da yadda ake sa rigar ceto. Na lura Hajiya ta bi kwalekwalen ceto da ke rataye a gefe da ido tana ƙirgawa da yatsa. Da ta gama ta ce, "Waɗannan sun san iya ruwa fidda kai." Daga nan ban ƙara jin ta ambaci Bagwai ba sai a Masar.

Ɗakuna iri-iri ne: akwai na ciki marar taga, akwai mai taga, akwai mai baranda. Mun kama biyu marasa tsada, muka ƙara kuɗi muka kama wa Hajiya mai baranda ita da jikarta, a tsakiyar jirgi kuma ba can sama ba, domin nan ne jijjiga ta fi sauƙi. A duk kuɗin da na kashe a tafiyar nan babu wanda ya yi albarka kamar na barandar nan. Jirgin ya ja baya da tasha gab da magariba, fitilun Jidda suka fara kunnuwa, ga maɓuɓɓugar Sarki Fahad tana feso ruwa sama kamar farin rawani. Hajiya ba ta ko kalli garin ba. Yamma take kallo. Na nuna mata da hannu na ce Sawakin tana can, kudu maso yamma, kilomita 300 da ɗoriya. Ta ce, "A kan wannan ya kwana?" Na ce e. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, babu gaɓa babu fitila. Ta daɗe tana jan carbi, ni kuma na tsaya a bayanta ban ce komai ba, har sanyi ya kore mu ciki.

Salla a teku ta koya min abin da shekara hamsin a tudu ba ta koya min ba. Mu a Kano alƙibla da gabas abu ɗaya ne, har mukan ce wane ya fuskanci gabas. Daren farko Makka na gabas da mu kamar a gida. Da gari ya waye mun yi nisa arewa, yaron ya duba waya ya ce yanzu sai dai mu juya wa gaban jirgi baya, mu kalli inda muka fito. Hajiya ta ce, "Ikon Allah, yau gabas ta koma kudu." A dawowa kuma goshin jirgin muke fuskanta. Malamin unguwarmu ya riga ya gaya mana mu yi kasaru, mu tsaya da ƙafafunmu muddin za mu iya, in jirgi ya karkata mu karkata mu bi alƙibla. A masallacin na yi sahu da Balarabe da Bature da mutumin Indunusiya mai aikin kicin da ya shigo da rigar aikinsa, ƙasa na motsi a hankali a ƙarƙashin goshinmu.

Daren na biyu iska ta taso daga arewa, kamar yadda ta saba a wannan yanki, jirgin na sara igiyar ruwa da ƙirji. Uwargida ta ji jiri. "Alhaji, cikina juyawa yake." Hajiya ta kwance ƙullinta ta fito da busasshiyar citta ta ce ta tauna, ta kuma sa aka kawo ruwan zafi da lemon tsami. Kafin asuba ta warware. Yaron ya bayyana mana cewa akwai wasu fikafikan ƙarfe a ƙarƙashin ruwa da ake buɗewa su rage tangaɗi, kuma ruwan da muke alwala da shi daga tekun ake ɗebowa a cire masa gishiri a cikin jirgin. Ya yini yana bin ma'aikata da tambaya. A nan na gane cewa injin ne ke ransa fiye da sulun.

Mita 335 a waya ba komai ba ne. A ƙafar tsohuwa kuwa, daga ɗaki zuwa wurin cin abinci tafiya ce. Ranar farko ta ƙi kujerar turawa, ta ce da ƙafarta ta yi Safa da Marwa. Muka tafi tana dafa bango, tana hutawa a kowace kwana. Rana ta biyu da kanta ta ce a kawo, auta ya zama direba. Na tuna Icon da aka raba cikinsa zuwa unguwanni takwas, da mutum dubu bakwai suna rububin lifta, na gode wa Allah da girman bai ruɗe ni ba.

Abinci kam sai wanda ya ƙoshi. Kabsa, mandi, gasasshen kifi, shawarma, dabino da gahawa duk inda ka juya. Ba sau ɗaya na buɗe baki na tambayi da me aka dafa ba. Hajiya ta zo da yajinta na daddawa a 'yar kwalba, tana barbaɗawa a kan komai. Wannan kwalbar ce ta jawo mana abin da ya fi komai daɗi a tafiyar. Wata tsohuwa baƙa, cikin baƙar abaya, da ke teburin kusa, ta yi ta kallon kwalbar, can ta miƙo hannu ta ce, "Yaji ne?" da wata irin Hausa mai nauyin Larabci. 'Yar Makka ce, can aka haife ta, can aka haifi uwarta. Kakanninta daga ƙasar Kano suka taso a ƙasa, ta hanyar da mahaifin Hajiya ya bi, su sai ba su koma ba. Irinsu na da yawa a Makka da Jidda da Madina, har sunan danginsu Hausawi. Jikokinta ba sa jin ko "sannu". Ita ma kalmomin sai ta lalubo, kuma tsofaffi ne, irin waɗanda tun rasuwar kakata ban ƙara ji ba. Ta tambaya ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata, don kakarta na yawan faɗa. Hajiya ta ce ana yi. Matar ta sa yajin a harshe, idonta ya kawo ruwa. Tun daga ranar kullum bayan la'asar suna tare a baranda, "Yaya" da "ƙanwata", har aka sauka. Hajiya ta bar mata kwalbar.

A Sharm el-Sheikh duwatsun Sina'i ne suka fara bayyana, jajaye, babu ko ciyawa, sun gangaro har bakin ruwa mai shuɗi kamar an zuba baba. Muka ɗauki yara zuwa wani ƙaramin jirgi mai gindin gilashi. Hajiya ta dube shi sau ɗaya ta ce wannan kam ɗan uwan na Bagwai ne, ta zauna a inuwa ita da sabuwar ƙawarta. Mu muka shiga. Ta cikin gilashin muka ga kifaye rawaya da shuɗi da masu zane kamar atamfa suna yawo a cikin wasu rassa masu kama da dutse. Mai jirgin ya ce murjani ne, kuma halitta ce mai rai, dangin wanda mata ke sawa a wuya. Uwargida ta taɓa abin wuyanta, wanda ta gada daga uwarta, ta ce ita duk zatonta dutse ne ake haƙowa. Auta ya kwanta rub da ciki a kan gilashin, sai da aka ɗaga shi.

Muka yi azahar da la'asar a Masallacin Sahaba da ke tsohuwar kasuwa, wanda aka buɗe a 2017, mai hasumiyoyi biyu dogaye da kubbobi birjik. Na zaga rumfunan masu yadi, don hannu ya saba. Na murza wani da aka ce audugar Masar ce tsantsa, na san masaƙar da ta yi shi, mai rumfar ya dube ni ya yi dariya ya fito min da na gaskiyan daga ƙasan tebur. Na sayi jallabiya uku.

Da daddare a hanyar dawowa na hau can sama na tarar da ɗana shi kaɗai ya jingina da ƙarfe. Na tambaye shi ko yana jin na tauye shi. Ya ce shi ma wannan yana da sulun ruwa, ya hau, amma ya san na wancan sun fi tsawo, kuma har yanzu yana son ya ga injin da ke aiki da gas da idonsa. Na ce gaskiyarka, in ka gama karatu ka samu abin hannunka, ka je, saurayi mai ƙafa da biza ba abin da zai hana shi more wancan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Amma da can muka je, Hajiya a ɗaki za ta yi kwana bakwai." Na ce haka ne.

Mun sauka Kano ana saura 'yan makonni azumi, hazo ya rufe gari har ba a ganin Dala daga Ƙofar Mazugal. A cikin kaya, ban da jarkokin zamzam, akwai wata gorar roba da Hajiya ta naɗe da tsumma ta cusa a tsakiyar jakarta. Ashe ranar da muka shiga jirgin gilashi ta sa jikan ƙawarta ya cika mata ita a bakin teku. Washegari ta ce in kai ta cikin gari wajen ƙaninta, wanda su biyu kaɗai suka rage a 'ya'yan Malam, idonsa kuma ya tafi. Muka same shi a zaure a kan buzu. Bayan gaisuwa ta kwance tsumman, ta kama hannunsa ta zuba masa kaɗan a tafi.

"Mene ne wannan, Yaya? Zamzam?"

"Ɗanɗana."

Ya kai harshe, ya yamutsa fuska saboda gishiri. Ta ce, "Ruwan da Malam ya ƙetara ne." Ya riƙe hannun a buɗe bai goge ba, ya ce ta ƙara masa, ya shafa a fuska.